Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Lambun Kew, Kafin a Rufe Gidan Gilashi

Zuwa ga Shugaba da Kwamitin Amintattu,
Lambun Tsirrai na Kew, Landan.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sanarwar da kuka yi cewa a shekarar 2027 za ku rufe babban gidan gilashin nan da kuke kira Palm House, har na kusan shekara biyar. Kun ce tsatsa ta ci ƙarfensa, za a sauya gilashinsa sama da 16,000, a kwashe tsirrai kusan 1,300 zuwa wani wuri, a kuma raba shi da ɗumamawar gas. Ban da ja a kan wannan. Ginin da Decimus Burton da maƙerin nan Richard Turner suka ɗaga tsakanin 1844 da 1848, mai kama da jirgin ruwan da aka kife, ya kwashe sama da shekara 170 yana shan zafi da damshi dare da rana, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Damuwata tana kan ranar da za a sake buɗe ƙofar. Ina so in san abin da baƙon da ya shiga zai fito da shi a kansa, ban da hotunan da ke cikin wayarsa.

Yabon gwani ya zama dole, don haka bari in fara da abin da ya ɗaure ni da wannan wuri. Tun daga ɗan lambun da Gimbiya Augusta ta kafa a 1759, zuwa miƙa shi ga gwamnati a 1840, zuwa ranar da UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003, tarihin sananne ne, ba sai na maimaita muku ba. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai wata tsohuwar bishiya ce da ke cikin tukunya a wannan gida da za ku rufe. Tana kama da dabino amma ba danginsa ba ce, masana suna kiranta Encephalartos altensteinii. Francis Masson, mutumin farko da Kew ta aika neman tsirrai, shi ya haƙo ta a Afirka ta Kudu, ta iso Landan a 1775. Sau ɗaya tak ta taɓa yin kai, a 1819. Yanzu ta karkace don tsufa, sai da aka tokare ta da sandunan ƙarfe. Duk wanda ya tsaya a gabanta ya yi lissafi zai gane cewa shekara 250 ke nan ba a taɓa yin sakacin da zai kashe ta ba. An yi yaƙin duniya sau biyu, an yi hunturun da ya daskarar da koguna, masu ba ta ruwa sun tsufa sun mutu wasu sun gaje su, ba wanda ya san sunayen yawancinsu, ita kuwa tana nan. Idan aka ce in faɗi ma'anar lambun tsirrai, wannan riƙon amana zan nuna.

Haka labarin ɗan ƙaramin badon nan na Ruwanda, Nymphaea thermarum, wanda ganyensa kan tsaya a faɗin santimita ɗaya. Wani masani Bajamushe, Eberhard Fischer, ya gano shi a 1987 a taɓon wani marmaro mai zafi. Da aka karkatar da ruwan marmaron, sai aka daina ganinsa a wurin. 'Yan ƙalilan suka rage a lambun Bonn na Jamus, kuma kowa ya shuka irin sai ya tsiro ya mace. A 2009 ma'aikacinku Carlos Magdalena ya yi ta gwaji, iri na ƙarewa a hannunsa, har ya lura da abin da aka tsallake: wannan bado ba ya son a nutsar da shi kamar sauran 'yan uwansa. Taɓo yake so, ruwa ya tsaya daidai bakin ƙasa, ganye ya sha iska. Da ya yi haka sai ya kama, ya yi fure. Ba wata na'ura mai tsada da ta ceci wannan tsiro. Mutum ne ya zauna ya duba, ya sake dubawa. A watan Janairu na 2014 wani ya shiga ya tumɓuke ɗaya ya gudu da shi, abin da har yau yake ba ni takaici. Duk da haka ina roƙonku kada irin wannan sata ta sa ku ɓoye abubuwa masu daraja daga idon jama'a, domin ɓarawo ɗaya ne, masu kallo da gaskiya kuwa miliyoyi.

Sai kuma rumbun irin da kuka buɗe a Wakehurst, ɗayan lambunku da ke kudancin Ingila, a shekarar 2000. Iri sama da biliyan biyu, na jinsin tsirrai kusan 40,000, an busar da su, an rufe a kwalabe, an ajiye ƙarƙashin ƙasa cikin sanyin da ya kai 20 ƙasa da sifili. Lokaci zuwa lokaci a ɗebo kaɗan a shuka don a tabbatar suna da rai. Amfaninsa ya fito fili bayan gobarar dajin Ostareliya ta 2019 zuwa 2020, lokacin da aka buɗe kwalba aka mayar wa masu ƙasar irin wani ɗan tsiro dangin wake da wuta ta cinye mazauninsa. Amma ku da kanku kun nuna iyakar wannan dabara. Binciken da masananku suka fitar a 2018 ya ce kashi 36 cikin ɗari na tsirran da suka fi kusa da ɓacewa suna da irin da ba ya jure bushewa. Ɗan koko, ƙwallon mangwaro, irin roba, 'ya'yan bishiyar oak, duk idan suka bushe sun mutu. Irin waɗannan ba su da rumbu sai ƙasa. Ko dai a bar musu dajinsu, ko a raine su da rai a lambu, ana ba su ruwa shekara da shekaru kamar waccan tsohuwa ta cikin tukunya. Wannan ya sa nake ganin gidan gilashin da za ku gyara shi ma rumbu ne, ko da yake mutane sun ɗauke shi wurin shan ɗumi da ɗaukar hoto.

To a nan ne maganata take. Kew tana da ayyuka uku: tana adana tsirrai, tana koyarwa, tana karɓar baƙi. Kowanne ana yin sa da gaske, amma sau da yawa suna zaune kamar 'yan gida ɗaya da kowa ke da ƙofarsa. Rahotonku na 2020 ya ce biyu cikin kowane jinsin tsiro biyar na fuskantar barazanar ɓacewa. Na 2023 ya ƙara da cewa uku cikin huɗu na waɗanda ba a ma kai ga raɗa musu suna ba, da alama suna cikin haɗari tun yanzu. Waɗannan alƙaluma sun zaga duniya a jaridu. Amma mutumin da ya biya kuɗi ya shigo da iyalinsa ranar Lahadi zai iya hawa gadar nan mai nisan mita 18 daga ƙasa da ke ratsa kan bishiyoyi, ya leƙa hasumiyar Pagoda, ya sha shayi, ya koma gida, bai haɗa ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma da ganyen da ya gani da idonsa ba. Ɗan baƙin allon da ke gindin bishiya yana ɗauke da sunan Latin, da dangi, da ƙasar asali, da lambar shiga. Masani ya ƙoshi da wannan. Yaro ɗan shekara tara kuwa, ko kakarsa da ta rako shi, ba abin da ya gaya musu.

Na san kuna da manyan allunan bayani, da masu zagayawa da baƙi, da nune-nune. Ba na cewa ba a yi komai ba. Ina cewa mafi daɗin abin da kuke da shi yana bayan katanga, a ɗakunan reno da ɗakunan bincike, a bakin masu aikin lambu. A Wakehurst kun riga kun samo maganin: baƙo yana tsayawa ta bayan gilashi yana kallon ma'aikata suna shiƙar iri suna ƙirgawa. Gani ya kori ji. Me zai hana a yi haka da kwashe tsirran Palm House? Ɗaga bishiyar da nauyinta ya haura tan ɗaya, yanke reshe a dasa tun da wuri don gudun kada uwar ta ƙi sabon wuri, shawarar wadda za a ɗauka da wadda ta yi girman da ba za ta fita ƙofa ba, wannan darasi ne da ba za a sake samun irinsa ba sai bayan wani zamani mai tsawo. Kada a kewaye shi da langa-langa a rubuta haƙuri. A buɗe taga, a sa lokacin da mai aikin zai fito da taɓo a hannunsa ya amsa tambayoyin mutane.

Ina tuna labarin bishiyar oak ta Turner. A guguwar Oktoba 1987, wadda ta kayar da ɗaruruwan bishiyoyinku cikin dare ɗaya, iska ta ɗaga wannan bishiya da saiwarta ta sake dire ta. Kowa ya ɗauka ta gama. Sai ga ta ta fi da lafiya. Daga nan aka fahimci cewa ƙafafun baƙi na shekara da shekaru sun daddaɓe ƙasar gindinta har saiwa ta kasa numfashi, girgizar guguwa ce ta sassauta ta. Tun daga lokacin kuka fara hura iska cikin ƙasar gindin tsofaffin bishiyoyi kuna rufe ta da ruɓaɓɓen ganye. A cikin wannan labari ɗaya akwai baƙo, akwai bincike, akwai adanawa. Wanda ya ji shi ba sai an kafa masa allon hani ba, da kansa zai ja ɗansa daga gindin bishiya.

Akwai kuma labaran da ba su da daɗin faɗa, su ma na gidan ne. A 1876 Henry Wickham ya kawo irin roba kusan 70,000 daga Barazil. Ƙasa da 3,000 suka tsiro a Kew, aka aika yawancinsu Siri Lanka, wasu suka isa Singafo da yankin Malaya. Kafin shekara arba'in gonakin roba na Asiya sun durƙusar da kasuwar Amazon, birnin Manaus ya shiga kangin talauci, an kuma kwaso ɗimbin 'yan ƙwadago daga kudancin Indiya zuwa gonakin Turawa. Kafin wannan, a 1787, Joseph Banks ya tsara tafiyar jirgin Bounty don ɗauko wata bishiya mai 'ya'ya kamar burodi daga Tahiti zuwa Karibiyan, domin a sami abinci mai araha ga bayin da ke gonakin rake. Ma'aikacin Kew, David Nelson, yana cikin jirgin, kuma bai dawo gida ba. A 2021 kun fitar da ƙudurin shekara goma kuka yi alkawarin duba wannan tarihi, aka yi ta ce-ce-ku-ce a jaridun Birtaniya, wasu na cewa lambu ba fagen siyasa ba ne. Ni ban ga siyasa a cikin faɗin yadda bishiya ta zo inda take ba. Bishiyar roba tana cikin Palm House. Idan aka mayar da ita bayan gyara, a bar ta ta ba da labarinta gaba ɗaya: wayon masu lambu da suka tsirar da irin da ke mutuwa cikin 'yan makonni, da tayar mota da ta sauya duniya, da mutanen da suka biya kuɗin wannan sauyi da guminsu. Baƙo ba yaro ba ne, zai iya ɗaukar duka.

Wani abu da ya fi wannan taɓa ni shi ne sunaye. A taskarku ta busassun tsirrai akwai samfuri kusan miliyan bakwai, kowanne manne a takarda da sunan wanda ya tsinko shi. Sai dai mai tsinkowa bai cika tafiya shi kaɗai ba. Akwai wanda ya nuna masa hanya, da wanda ya hau bishiyar, da tsohuwar da ta ce masa wannan saiwa ta ciwon ciki ce, waccan kuwa dafi. Zan ba da misali da harshen da nake rubuta muku da shi, tun da shi na fi sani. Likita John Dalziel ya yi aiki a Afirka ta Yamma, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, daga baya ya zauna a Kew shi da John Hutchinson suka rubuta kundin tsirran yankin, ya kuma fitar da littafin amfaninsu a 1937. Aiki ne na gaske, har gobe ana cin moriyarsa, kuma H. M. Burkill ya faɗaɗa shi zuwa juzu'i shida tsakanin 1985 da 2004. Amma bishiyar hano a yau sunanta Boswellia dalzielii a littattafan duniya. Majimfa kuwa Tephrosia vogelii, don tunawa da Theodor Vogel da ya rasu a tafiyar Kogin Kwara ta 1841. Su sun sami gadon suna, kuma ba na yi musu hassada, wasunsu da ransu suka biya. Waɗanda suka gaya wa Dalziel kowace kalma da ke cikin ƙamus ɗinsa su ne babu labarinsu. Ga kuma misalin da ke nuna cewa ana iya yin dabam: a 1915 masaninku Otto Stapf ya bayyana wani ƙaramin hatsi ɗan uwan acca, ya raɗa masa Digitaria iburua, wato ya ɗauki sunan da manomansa ke kiransa, iburu, ya shigar da shi kimiyya. Abin da ya faru da Hausa ya faru da Malagasi da Tamil da Kecuwa da ɗaruruwan harsuna.

Ba ina neman a sauya sunayen Latin ba, na san amfaninsu, su ne ke sa masanin Japan da na Peru su gane abu ɗaya suke nufi. Ina neman a ƙara layi ɗaya a ɗan allon nan: sunan da mutanen ƙasar tsiron suke kiransa. Landan gari ne da ake magana da ɗaruruwan harsuna. Ranar da wata uwa za ta tsaya ta karanta wa 'yarta sunan da ta ji a bakin kakarta, a ranar lambun ya zama nata. Kuma waɗannan sunaye ba sai kun fita nema ba, suna cikin ɗakin karatunku, ma'aikatanku ne suka tattara su.

Kun yi babban aiki da kuka ɗauki hotunan samfuran taskar kuna ɗorawa a intanet kyauta, haka ma shafin tsirran duniya da kuka buɗe a 2017. Ɗalibin da ba zai taɓa samun biza ko kuɗin jirgi ba yanzu yana iya ganin takardar da aka fara bayyana tsiron ƙasarsa da ita. Saura a tuna cewa yawancin irin waɗannan ɗalibai da waya suke shiga, da datar da suke ƙirgawa, kuma ba kowa ne ke jin Turancin masana ba. A sauƙaƙa shafukan, a fassara bayanin tsirrai masu amfani zuwa harsunan da aka ɗebo shi daga cikinsu. Wannan mayar da aro ne. Game da shawarar da kuka bayyana a 2023 ta ɗauke taskar zuwa kusa da garin Reading, wadda dubban mutane suka sa hannu suna adawa da ita, na fahimci tsoron gobara da ambaliya da ƙarancin wuri. Tsorona shi ne nisan da zai ƙaru tsakanin busasshen ganye da ɗanye, tsakanin mai bincike da mai ban ruwa, a gidan da tun farko raba ƙofa ne ciwonsa. Duk inda maganar ta tsaya, ku bar wani sashe na taskar a cikin lambun inda baƙo zai shiga ya ga yadda ake gane sabon tsiro.

Sai maganar ƙofa. Daga 1916 kwabo ɗaya ake biya a shiga Kew, kuma an daɗe a haka har abin ya zama abin alfaharin mutanen Landan. Yau tikitin babba ya haura fam 20. Na san dalili. Tallafin gwamnati bai kai ya riƙe gidan ba, kuma ban manta da giɓin fam miliyan biyar na 2014 ba, wanda ya jefa ayyukan mutane sama da ɗari cikin haɗari. Fitilun Kirsimeti da bikin furanni na watan Fabrairu su ne ke taimakawa wajen biyan masu bincike, don haka ba na raina su. Amma tikitin fam ɗaya da kuka fito da shi a 2022 domin masu karɓar tallafin gwamnati, a ganina, shi ne mafi kyawun shawarar da kuka yanke a 'yan shekarun nan. Gyaran da aka ƙiyasta zai ci fam miliyan 60 zai matse aljihu, kuma idan aljihu ya matsu irin wannan rangwame aka saba fara dubawa. Ina roƙonku da babbar murya ku bar shi. Ku ma ƙara da tunanin kuɗin mota, domin makarantar da ke unguwar marasa ƙarfi ba tikiti kaɗai ke hana ta zuwa ba.

Yaran nan su ne za su gaji aikin. Farin 2022 ya kashe muku bishiya sama da 400, kuma nazarin da kuka yi bayansa ya nuna cewa fiye da rabin jinsin bishiyoyin lambun na iya kasa jure yanayin Landan nan da 2090. Wanda zai zaɓi abin da za a dasa a gurbinsu, ya raine shi, yau yana aji uku ko huɗu na firamare, ko ma ba a haife shi ba. Makarantarku ta koyon aikin lambu, mai kwas na shekara uku, tana fitar da gwanaye, amma 'yan kaɗan take ɗauka. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka ba iri a hannu, aka ce ya auna, ya shuka, ya dawo bayan wata ya ga abin da ya fito, ya fi wanda aka zagaya da shi aka ba shi takardar cikewa.

Idan kuka zo mayar da tsohuwar nan ta 1775 mazauninta, ina fatan allon da za a kafa a gabanta zai faɗi yankin Gabashin Kef da aka haƙo ta, da sunan da masu jin Kosa suke kiran irinta, da cewa masu tumɓuke 'yan uwanta a daji suna sayarwa sun sa danginta cikin tsirran da suka fi shiga haɗari a duniya. A ƙasa kuma a rubuta sunan ma'aikacin da ke ba ta ruwa a wannan shekara, a riƙa sauyawa duk lokacin da wani ya karɓa.

Na gode da sauraro. Allah ya sa a yi aikin lafiya, a gama lafiya.

Naku,
Wani mai ƙaunar lambun.